Koyarwa Ba Mafakar Wanda Ya Rasa Gurbi Ba Ce

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, magana ɗaya ce ke zagaya gidajen Gaya da Ajingi: "Tunda bai samu likitanci ba, a nema masa NCE." Abin takaici, har a bakinmu malamai ana jin ta. Mu da alli ya ci mana yatsu shekara da shekaru, mu ne ke ja wa 'ya'yanmu kunne su karanta komai ban da koyarwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka bari mu faɗa wa juna gaskiya.

Hukuma na da nata laifin. A 2024 an tsayar da maki 140 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa, aka bar kwalejojin ilimi a 100 cikin 400. Ke nan wanda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu ya isa ya hau hanyar da za ta kai shi gaban 'yan aji ɗaya, inda ake aza harsashin karatu. Wa ya taɓa ganin magini ya ware tubalin toka domin harsashi? A ranar malamai ta duniya ta 2020 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman, a 2022 kuma doka ta kai shekarun ritayar malami 65. Duk mai karɓar albashin firamare ya san inda alƙawarin farko ya kwana, kuma tsawaita shekarun aiki ba ya jawo yaro mai hazaƙa.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zaɓin fannin karatu ba a ranar cike fom ake yin sa ba. Tun shigar yaro babbar sakandare ake yanke shi, lokacin raba ɗalibai zuwa kimiyya, adabi da kasuwanci. A nan ne muke cusa yaron da Allah ya hore wa harshe da lissafin ciniki cikin ajin kimiyya, domin kawai a kira mu baban likita. Ya zauna jarrabawa sau biyu, sau uku, fiziks da kemistiri suna kayar da shi, sannan a jefa shi kwalejin ilimi yana jin kansa kasasshe. Wannan shi ne malamin da zai koyar da jikokinmu.

Alhali ƙofofi ba su ƙare ba. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote nan kusa a Wudil, da fannonin noma da injiniya. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a Bichi. Ƙasar da ke rayuwa da gero, dawa da gyaɗa ba ta da hujjar raina ilimin noma.

Za a ce albashi ne ya kore mu. Gaskiya ne, kuma ba za mu daina yaƙi a kansa ba. Sai dai wanda ya kushe hajarsa da bakinsa, wa zai taya ta da daraja?

Muna kira ga reshenmu da ya ware rana guda kowane zango domin zama da iyayen 'yan aji shida da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, mu faɗa musu baiwar da muka gani a 'ya'yansu. Uwar ƙungiya ta matsa a daidaita makin shiga kwalejin ilimi da na jami'a. Gwamnatin Kano kuma, da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, ta ɗauki nauyin duk hazikin da ya sa koyarwa a zaɓinsa na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunmu yake fara tsiro.