Hoton Fuskar Waya Bai Isa Shaida Ba: Darasi Daga Ƙofar Wambai

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da wayar hannu, wadda ta zama ruwan dare har mun daina ganin aibinta. Ɗabi'ar kuwa ita ce mutum ya ɗauki hoton abin da ke fuskar wayarsa, ko saƙo ne, ko rasiɗin banki, ko takardar ofis, sa'an nan ya aika wa jama'a. Samari na kiran wannan hoto sikirinshot. Abin da aka ɗauka da hantsi, kafin la'asar ya zaga birni da waje, kowa na nuna wa na kusa da shi yana cewa, "Ga shi nan ƙiri-ƙiri." Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai, musamman ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, shi ne wannan hoto bai isa shaida ba, kuma ko da abin da ke cikinsa gaskiya ne, yaɗa shi sau da yawa cin amana ne. Waɗanda suka riga kowa gane haka kuwa 'yan kasuwa ne, domin su ne abin ya fara taɓa wa aljihu.

Kasuwar Ƙofar Wambai, wadda ke bakin ganuwar birnin Kano ta wajen Fagge, ta yi suna wajen gwanjo da takalma da kayan roba, kuma daga garuruwa masu nisa ake zuwa sari a cikinta. Ciniki a nan tun asali na hannu da hannu ne, a ƙirga kuɗi, a ɗaure kaya. To, a watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, ya sa 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya ya ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin kuwa ba su fito yadda za su wadaci jama'a ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A cikin waɗannan makonni ɗan kasuwar da bai taɓa yarda da taransifa ba ya yarda da ita tilas, in ba haka ba ya wuni bai yi ciniki ba.

Nan ne fa macuta suka sami ƙofa. Hanyoyin bankuna sun cushe, saƙon shigar kuɗi yakan yi jinkiri na sa'o'i, sai mai saye ya miƙo wayarsa ya ce ga rasiɗi, an cire a nasa asusun. Mai kaya yana tsakanin tsoron rasa ciniki da kunyar ƙaryata baƙo, sai ya saki kaya. Wasu kuɗin sukan shigo daga baya, wasu kuwa har yau ana jira. Daga wannan hasara ce yawancin 'yan kasuwar Kano suka ɗauki ƙa'ida guda: kaya ba za su bar rumfa ba sai mai su ya ga kuɗi a cikin nasa asusun, ba a fuskar wayar wani ba. A ganinmu wannan ƙa'ida ta fi ƙarfin kasuwa. Ta dace da ofis, ta dace da makaranta, ta dace da zaure.

Me ya sa hoton nan ke saurin cin mutane? Domin Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma mun taso a kan haka. Amma wanda ya dubi hoton fuskar waya bai ga abin da ya faru ba, ya ga abin da wani ya so ya nuna masa ne kawai. Watau ji ne aka sa masa rigar gani. A cinikin iyayenmu akwai dillali, akwai fatoma mai saukar da fatake, kuma amfaninsu bai tsaya ga la'ada ba. Mutane ne da aka san gidajensu, in gardama ta tashi gobe ana iya kiransu su faɗi abin da aka yi a gabansu. Hoton nan kuwa ba shi da sa hannu, ba shi da hatimi, ba shi da wanda za a kama in ya zama ƙarya.

Haɗa na ƙarya kuma ba ya bukatar ilimi mai zurfi. Mutum yana iya ajiye lambarsa ta biyu a waya da sunan Darakta ko Shugaban Sashe, ya rubuta wa kansa abin da ya ga dama, ya ɗauki hoto, kowa ya ga sunan babba a sama. Yana iya juya agogon waya ya sauya rana da lokaci. Akwai manhajoji da ke buga rasiɗi mai kama da na banki, da tambari da komai. Mafi sauƙi duka shi ne yanke hoto, a cire tambayar da aka yi a bar amsa, ko a cire layin da ya nuna wasa ake yi. A nan ba a ƙara ko harafi ɗaya ba, amma an juya magana ta koma kishiyarta.

Ɗalibai ba za su manta da abin da ya faru a 2023 ba. Wata ɗaliba a Jihar Anambra ta nuna takardar sakamakon jarrabawar JAMB mai maki 362, aka yi ta yaɗa hoton, aka yi mata kirari da kyaututtuka. Da hukumar ta ce takardar jabu ce, sai jama'a da yawa suka yi mata caa, suna cewa ai sun gani da idonsu. Da aka koma ga rajistar hukumar sai aka tarar maki 249 ne, kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa ya tabbatar da haka, aka hana yarinyar zama jarrabawar har shekara 3. Dubban mutanen da suka yi rantsuwa a kan wannan hoto, ba wanda ya ga komai sai abin da aka shirya masa.

Shari'a ma ba ta karɓar irin wannan abu da ka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta: a bayyana na'urar da ta fitar da ita, da yadda aka fitar, da cewa na'urar tana aiki daidai, kuma a sami wanda zai ɗauki nauyin wannan bayani. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa ta 2012, tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. In alƙalan ƙoli ba su yanke hukunci da irin wannan takarda sai an san asalinta, ƙaƙa mu za mu zubar da mutuncin mutum a kanta tsakanin azahar da la'asar?

To, a ce ma hoton na gaskiya ne. Saura tambaya ta biyu: wa ya ba ka izinin nuna shi? Wanda ya rubuto maka saƙo, kai ya rubuto wa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Addini ma ya rigaya ya hana bin diddigi da yi da mutum, ya kuma umarci a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a 2019, bayan jita-jita ta jawo kashe mutane a Indiya, ya kuma fito da saƙon da ake gani sau ɗaya ya ɓace a 2021. Amma hoton fuskar waya yana tsallake shingen farko, domin yakan fita kamar sabon abu, ba alamar hannu nawa ya bi, shinge na biyu kuwa waya ta biyu ta isa ta karya shi. Aure nawa ya mutu, baiko nawa ya warware, saboda hirar da aka yi cikin aminci ta fito kasuwa ranar da aka ɓata? Magana zarar bunu ce, wannan kuwa bunun da aka zara ne iska ta ɗauka.

Ma'aikacin gwamnati nasa nauyin ya fi na kowa, domin ya yi rantsuwar riƙe sirri, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba. A 2024 sai da ofishin Shugaban Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya fitar da takardar gargaɗi a kan yadda takardun ofis ke yawo a wayoyin jama'a. Ɓarnar kuwa iri biyu ce. Takardar da ba a gama shawara a kanta ba, in ta fita, jama'a na ɗaukarta hukunci ne. Jerin sunayen ma'aikata kuma, mai ɗauke da lambar waya da lambar asusu, in ya fita ya zama abincin 'yan damfara, alhali Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin tsare su. Daɗin daɗawa, da yake mutane sun saba ganin takardun gaskiya a waya, sai na jabu su bi sahu, ana tallar ɗaukar aiki da ba shi, ana karɓar kuɗin fom daga matasa masu neman abin yi.

Wani zai ce ai wannan hoto shi ne makamin mara ƙarfi, da shi ɗaliba ke tona asirin malamin da ya matsa mata, da shi ƙaramin ma'aikaci ke fallasa mai cin dukiyar jama'a. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za mu raina ta ba. A 2018 muryar wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, wadda aka naɗa a waya, ta bazu a ƙasar nan, ƙarshenta aka kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2. Amma a lura da abin da ya kai shi kurkuku: ɗalibar ta fito ta tsaya a kan maganarta, jami'a ta yi bincike, hukumar ICPC ta kai ƙara, alƙali ya saurara. Saboda haka wanda aka zalunta lalle ya ɗauki hoto, amma kada ya goge asalin saƙon, ya kuma kai wa waɗanda ke da ikon bincike. Akwai ICPC, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, akwai tsarin tona asirin ɓarayin gwamnati da aka fito da shi a 2016, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ga mai neman takarda ta hanyar da ta dace.

Su ma hukumomi akwai nasu aikin. Abin da ke tura mutane ga fallasa shi ne su kai kuka a yi shiru. Ya kamata kowace ma'aikata da kowace makaranta ta riƙa amsa ƙorafi cikin lokaci, ta sanar da jama'a wuri guda da ake samun takardunta na gaskiya da lambobinsu, in kuma ta jabu ta fito a ƙaryata ta a ranar, ba sai ta kwana bakwai tana ɓarna ba.

Mu kuwa masu riƙe da waya, kafin yatsa ya danna, mu tambayi kanmu abu uku. Daga ina wannan ya fito, kuma na koma can na gani? Wa zai cutu in ƙarya ne? In gaskiya ne, amanar wa zan ci? Ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ba ya sakin dilar gwanjo sai ya ga kuɗi a nasa asusun. Mutuncin ɗan Adam ya fi dilar gwanjo tsada, bai kamata mu sake shi a kan abin da bai kai haka ba. Allah ya sa mu gane, ya kuma tsare mu da cin amanar juna, amin.