Zauren Saint-Louis: ƴan'uwantaka da wa?

A shekarar 1781 ne aka buɗe zauren farko na ƙungiyar asiri ta Faramaso a Saint-Louis ta ƙasar Senegal, a ƙarƙashin Grand Orient na Faransa. Garin kuwa tashar cinikin bayi ne a lokacin. Nasara na rantsuwar ƴan'uwantaka a zaure, a bakin kogi ana ƙirga kawunan mutane.

Masu wanke ƙungiyar kan kawo sunan Blaise Diagne. Ya shige ta a 1899 a tsibirin Réunion, a 1914 ya zama baƙar fata na farko daga Afirka a majalisar dokokin Faransa. To, sai me? Shi Clemenceau ya aiko a 1918 ya kwashi dubun dubatar samari zuwa fagen yaƙi. Shi ne kuma ya tsaya a Geneva a 1930 yana kare aikin tilas. Da ya rasu a 1934, a bakin maƙabartar Musulmi ta Soumbédioune aka binne shi, ba a ciki ba.

Jama'a na ɓata bakinsu wajen tatsuniyar tsafi da shan jini, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. In minista da alƙali da ɗan kwangila sun yi rantsuwa a ɗaki guda, wa zai binciki wa? Omar Bongo ya riƙe Gabon daga 1967 zuwa 2009, yana kuma shugabantar babban zauren ƙasar. Da ya rasu, ɗansa Ali ya gaje kujerun biyu a shekara guda.