Ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba

1/ A Tambuwal da Kebbe, duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi "olsa" gare shi. Mai ƙwannafi olsa, mai kumburin ciki olsa, wanda ya ci ya ƙoshi ya kwanta shi ma olsa. Ni a ganina kalmar nan tana cutar da mu fiye da yadda muke zato. Ku biyo ni a zaren nan.

2/ Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne a Sakkwato. Abin da ya faru da kawuna a daminar bara ya sa na zauna na yi karatu, na kuma yi ta damun likitoci da tambaya.

3/ Kawu manomi ne a wajen Kuchi. Ya fi shekara goma yana cewa yana da olsa, ba wanda ya taɓa auna shi. In ya dawo gona jiki na ciwo, sai a karɓo masa haɗin kemis. In ƙirji ya taso da dare, sai ya jiƙa kanwa ya sha. Ka yi magana ya ce: "Ɗana, wanga ciwo tare za mu tsufa."

4/ Sai bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta. Ya ɓoye kwana uku don kunya. Ran na huɗu ya faɗi a bakin rijiya. A asibiti aka ce jini ne ke zuba a cikinsa, sai da aka ƙara masa leda biyu. Kuɗin taki muka kai.

5/ Abin da likita ya fara tambaya: wane magani yake sha? Ashe cikin haɗin akwai diclofenac da piroxicam. Irin waɗannan, har da ibuprofen da aspirin, suna cinye kariyar bangon tumbi. Wato maganin gajiyar ne yake tona ramin, kanwa tana rufe bakinsa.

6/ To ga bambancin. Ƙwannafi: a ƙarshen maƙoshi akwai wata tsoka mai aiki kamar murfi. In ta yi sako-sako, ruwan tsamin ciki ya hauro sama, ka ji ƙirji na ƙuna, baki ya yi tsami. Olsa kuwa gyambo ne na gaske a bangon tumbi ko farkon hanji.

7/ Kuma yunwa ba ta haifar da gyambon, barkono ma haka, sai dai su tsokane shi. Manyan dalilai biyu ne: magungunan ciwon jikin nan, da wata ƙwayar cuta, H. pylori, wadda akan ɗauka tun yarinta, galibi daga mutanen gida ko ta gurɓataccen ruwa da abinci.

8/ Likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ma'ana: olsa tana warkewa. Ba rakiya ba ce zuwa kabari.

9/ Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida. In an same ta, maganin kamar na mako biyu ne, haɗin masu kashe ƙwayar cuta da mai rage tsami, kuma likita ke rubutawa. In kana shan omeprazole ka faɗa kafin gwajin, don yana iya ɓoye ta.

10/ Ni kaina na yi shekara ina cewa ina da olsa. Gwaji ya nuna ba komai. Taliyar mai shayi ce da ƙwai da yaji ƙarfe sha ɗaya na dare, sai na miƙe a katifa. Ƙwannafi ne tsagwaronsa, kuma ni nake kiransa da hannuna.

11/ Abin da ya yi min aiki: in na ci, sai na yi awa uku kafin na kwanta. Na rage loma, na rage soye-soyen dare. Na ɗaga wajen kan gado da bulo, kamar santimita 15, ina kwanciya a ɓarin hagu. Goro da shayi mai kauri na ja baya da su. Mai shan taba kuma ya san nasa.

12/ Da azumi ma haka. A cika ciki da ƙosai da kunu da tuwo lokaci guda, ko a yi sahur a koma barci nan take, sannan a ce azumi ne ya tayar da olsa. Haba jama'a.

13/ Na san za a ce kanwa tana aiki. Gaskiya ne, tana kashe tsami na ɗan lokaci, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta. Amma cike take da sinadarin gishiri, mai hawan jini na kashe wuta yana kunna wata. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego.

14/ Na kuma san za a ce asibiti kuɗi ne, ga mota daga Kebbe. Ban musa ba. Amma ku lissafa abin da Kawu ya kashe a kemis shekara goma, ku ɗora jini leda biyu da gonar da ta kwana ba taki. Gwajin bai kai rabin haka ba.

15/ Waɗannan kam ba a jira da su: baƙin bayan gida, aman jini, abinci na tsayawa a maƙoshi, rama ba dalili. Sai zafin ƙirji mai gumi da ke sauka hannu ko haɓa, wannan zai iya zama zuciya. Asibiti mafi kusa, yau. In sai an leƙa cikin da na'ura, za su tura ka gaba.

16/ Roƙona ga masu kemis: in dattijo ya ce a haɗa masa na gajiya, ku tambaye shi ko cikinsa na zafi. Mu kuma 'yan makaranta, in mun je gida hutu, mu buɗe ledar maganin iyayenmu mu karanta sunayen.

17/ Kawu ya tashi, bana har ya yi shuka. Ya ce in gaya muku kanwa ta koma cikin miya. Allah Ya ƙara mana lafiya.