Santorini: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A cikin watan Yulin 2024, wani jami'in ƙaramar hukumar tsibirin Santorini na ƙasar Girka ya wallafa sanarwa a kafar sada zumunta, yana roƙon mazauna tsibirin su taƙaita zirga-zirga, domin a ranar ana sa ran fasinjoji 17,000 za su sauko daga jiragen ruwan shaƙatawa. Ba a jima ba aka goge sanarwar saboda ƙurar da ta tayar, amma abin da ta tona ya riga ya tonu. Tsibirin da ƙidayar 2021 ta nuna mutanensa ba su cika 16,000 ba, shi ne aka nemi masu gida su lafe a ɗaka don baƙin yini guda su sami hanyar wucewa. Duk garin da ya kai ga haka ya wajaba ya zauna ya sake lissafi: wa ke cin ribar wannan baƙunci, wa kuma ke biyan kuɗinsa?

Adalci shi ne a fara da abin da ke jawo fasinjan, domin ba shi da laifi a kan sha'awarsa. Santorini ragowar wani dutse ne mai aman wuta da ya fashe kimanin shekaru 3,600 da suka wuce. Tsakiyarsa ta rufta, ruwan teku ya cika ramin, aka bar gaɓa mai siffar jinjirin wata, wadda tsayinta a wasu wurare ya kai mita 300. A bakin wannan gangare aka jera fararen gidaje da majami'u masu shuɗiyar ƙubba, a garin Fira da ƙauyen Oia, wanda ake furta sunansa Iya. Wanda ya shigo ta ruwa da asuba yana ganin duk wannan a kallo ɗaya, kuma babu wata hanyar isowa da ta fi ta kyau. Ga kuma sauƙin tafiyar: mutum ya kwance jakarsa sau ɗaya, ya kwanta a wata ƙasa ya farka a wata, abinci da makwanci duk an biya tun daga gida. Ga dattijon da ya yi ritaya, ko iyalin da ke tsoron tsadar otal, wannan ciniki ne mai ma'ana.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da jirgin ya tsaya. Santorini ba shi da tashar da waɗannan manyan jirage za su jingina. A tsakiyar ruwa suke tsayawa, injuna na aiki, ƙananan jiragen 'yan gari suna jigilar fasinjoji zuwa gaɓa. Waɗanda suka sayi tikitin zagaye ana kai su tashar Atiniyos su hau bas. Sauran ana sauke su a tsohuwar tashar da ke ƙarƙashin Fira, inda hanyoyin hawa uku ne kacal: matakala kusan 600, ko bayan jaki da alfadari a kan waɗannan matakalan, ko tarago mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, wanda ke ɗaukar mutum kusan 1,200 a awa guda. Lissafin a bayyane yake. Idan jirage huɗu ko biyar suka iso da safe ɗaya, dubban mutane za su tsaya a layi cikin rana don hawa, su sake tsayawa da yamma don sauka. Dabbobin ma sai da gwamnati ta sa doka a 2018 cewa kada a ɗora musu nauyin da ya wuce kilo 100.

Daga nan taron yakan kwarara zuwa Oia, ƙauyen da aka tsara lungunansa don mutum da jakinsa. Da yawa daga gidajen da ake rububin ɗaukar hotonsu asalinsu koguna ne da talakawan ma'aikatan jirgin ruwa suka haƙa a jikin gangare saboda ba su da halin gini, yayin da masu jiragen suka gina manyan gidajensu a sama. Yau a waɗannan lunguna ne ake layin tsayawa a wuri ɗaya don ɗaukar hoto iri ɗaya, mazauna kuma suna liƙa alluna a ƙofofinsu suna roƙon kada a hau musu rufin ɗaki. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Fasinjan da aka sayar wa kwanciyar hankali da kallon faɗuwar rana, abin da yake samu shi ne ƙeyar na gabansa.

A shekarar 2023 jiragen shaƙatawa kusan 800 ne suka tsaya a Santorini, ɗauke da fasinja kusan miliyan 1.3. Masu kare harkar suna son wannan adadi, suna ɗaga shi kamar tuta. Sai dai ƙidayar kawuna ba ta nuna abin da ya shiga aljihun gari. Baƙon da ya kwana huɗu a otal yana biyan ɗaki, ya ci abinci sau goma ko fiye, ya yi hayar mota, ya ziyarci gonar inabi, ya je Akrotiri ya ga tsohon garin da toka ta binne, wanda aka fara tonowa a 1967. Fasinjan jirgi ya karya kumallo a jirgi, abincin darensa na jiransa a jirgi, kuma ya riga ya biya. Sa'o'in da yake da su a ƙasa kaɗan ne, wani kaso nasu ma layi ya cinye. Zai sha ruwa, ya sayi ɗan abin tunawa, ya shiga banɗaki, ya bar shara, ya tafi. Nauyinsa a kan hanya da ruwa da bola daidai yake da na kowa, a tsibirin da ba shi da kogi, wanda ya dogara ga tace ruwan teku.

Wannan ba kuskure ba ne, haka aka tsara kasuwancin. Manyan kamfanonin jiragen suna samun kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga abin da fasinja ya kashe bayan ya biya tikiti: barasa, caca, kantuna, gidajen abinci na musamman, da tikitin zagayen gari da ake sayarwa a cikin jirgi, kamfani ya cire rabonsa kafin mai bas da ɗan jagora su ga nasu. Jirgin kansa gari ne mai gasa da garin da ya kai wa ziyara. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a yankin Karibiyan a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Inda harkar ta dosa ya fito fili a wuraren da kamfanoni suka keɓe wa kansu, irin su CocoCay a Bahamas da Labadee a Haiti, inda fasinja zai sauka ƙasa amma kuɗinsa su koma asusun jirgi. Ta fuskar haraji kuwa, kamfanin Royal Caribbean yana da hedikwata a Miami amma rajistarsa a Laberiya take, Norwegian kuma a Bermuda, jiragen da yawa suna ɗauke da tutar Bahamas ko Panama ko Malta. Kyawun Santorini shi ne hajar da ke kan takardar talla, amma mai hajar ne ke karɓar mafi ƙarancin rabo.

Akwai kuma haɗarin da ba ya shiga lissafin kowa sai ya auku. A watan Afrilun 2007 jirgin Sea Diamond ya bugi dutse a kusa da Fira, washegari ya nutse. An kwashe mutum kusan 1,600, amma wani Bafaranshe da 'yarsa ba a sake ganinsu ba. Har yau gawar jirgin tana kwance a ƙarƙashin ruwan, mazauna tsibirin sun shafe shekaru suna neman a ciro ta saboda tsoron abin da take zubarwa. Fasinjoji sun koma gidajensu tun a makon. Tsibirin ne ya gaji ɓarnar.

Hujjar ɗaya ɓangaren tana da nauyi, kuma bai dace a raina ta ba. Santorini ya san talauci. Bayan girgizar ƙasar 1956 da ta rushe gidaje masu yawa, jama'a sun yi ta ƙaura zuwa Atina, kuma yawon buɗe ido ne ya dawo da rai. Masu ƙananan jirage, masu jakuna, direbobin bas da masu kantunan Fira suna ci ne daga fasinjojin nan. Shekarar korona ta 2020 da jerin girgizar ƙasar farkon 2025, lokacin da dubban mutane suka bar tsibirin, sun tuna wa kowa yadda kasuwa ke zama in baƙi sun ɗauke ƙafa. Gaskiya ne kuma cewa ba jirage ne suka haddasa komai ba. Baƙin tsibirin gaba ɗaya sun haura miliyan 3 a shekara, kuma otal-otal da gidajen hayar 'yan kwanaki ne suka cinye gonaki, suka sa malamai da likitocin da aka tura aiki ke rasa ɗakin haya.

To amma wannan hujja, in aka bi ta zuwa ƙarshe, goyon bayan iyakancewa take yi. Tsibirin da abincinsa gaba ɗaya ya rataya a kan suna guda, shi ya fi kowa bukatar kare sunan. Cunkoson da jirage ke haifarwa daga hantsi zuwa la'asar yana korar baƙon da zai kwana, wato wanda ya fi kawo kuɗi. Kuma a cikin dukkan hanyoyin shigowar baƙi, ta jirgin shaƙatawa ce ta fi sauƙin tsarawa, domin ana sanin ranar zuwan kowane jirgi da yawan mutanensa tun shekara guda ko biyu kafin ya iso. Barin jirage biyar su haɗu a rana ɗaya zaɓi ne da wasu suka yi, kuma ana iya yin wani zaɓin.

Wasu garuruwa sun gwada. Bayan da jirgin MSC Opera ya afka wa gaɓa a birnin Benis a 2019, gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage bi ta tsakiyar birnin daga 1 ga Agustan 2021. A Amurka, mutanen Bar Harbor, garin da ke kan wani tsibiri a jihar Maine, sun kaɗa ƙuri'a a 2022 cewa fasinja 1,000 kaɗai za su sauka a rana. 'Yan kasuwa sun garzaya kotu, aka sake ƙuri'a a 2024, dokar ta tsira da ƙyar. A Key West kuwa jama'a sun amince da takunkumi a 2020, majalisar jihar Florida ta soke shi a 2021. Darasin a nan shi ne ƙaramin gari ba ya iya ja da kamfanin da zai iya karkata jirginsa zuwa wata tasha, sai gwamnatin sama ta tsaya masa.

Girka ta fara motsi. Firaminista Kyriakos Mitsotakis ya sanar a Satumban 2024 cewa kowane fasinjan da ya sauka a Santorini ko Mikonos a tsakiyar lokacin zafi zai biya Yuro 20, aka fara karɓa a Yulin 2025. An kuma tsayar da iyakar fasinja 8,000 a rana. Matakan sun dace, amma ba su isa ba. Mutum 8,000 rabin jama'ar tsibirin ne, kuma idan suka iso cikin sa'o'i biyu, layin taragon zai koma yadda yake. Iyakar ta kamata ta bi awa, a raba lokutan isowa, a fifita jirgin da zai daɗe ko ya kwana a kan mai tsayuwar rabin yini. Harajin kuma wani kaso ne kawai nasa ke zuwa ƙananan hukumomin da ke karɓar jiragen. Wanda ke kwashe shara da tace ruwa da gyara matakala shi ya fi cancantar babban rabo, kuma a buga wa jama'a inda kuɗin suka tafi kowace shekara.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ana nufin a kyautata masa domin ba zai daɗe ba. Karin maganar ta ginu ne a kan cewa akwai mai gida, kuma shi ke da ikon ƙofarsa. Mutanen Santorini ba su ce a rufe teku ba. Abin da suke nema shi ne adadin masu shigowa ya zama daidai da abin da matakala da rijiyar tace ruwa da lungunan Oia za su iya ɗauka, kuma waɗanda za su wayi gari a tsibirin bayan jirgi ya tashi su ne za su yanke wannan adadi.