JIGAWA TA KARƁI SHAIDAR TSAFTA, SAURA RIƘO

A cikin watan Oktoba na 1922 babu wanda zai yi tsammanin za a wayi gari a riƙa ba jiha takardar shaida saboda masai. Amma shekara ɗari bayan haka, watau a watan Oktoba na 2022, aka bayyana Jihar Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da ɗabi'ar yin bahaya a fili, bayan da kwamitin ƙasa mai lura da tsafta ya tantance ƙananan hukumominta 27 ɗaya bayan ɗaya. Wannan abin yabo ne, kuma duk wanda ya san halin da ƙauyuka ke ciki ba zai raina shi ba. Sai dai samun shaida daban, riƙe ta daban.

Asalin wannan yaƙi daga Gwamnatin Tarayya ya fito. A watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ruwan sha da tsafta, sa'an nan a Nuwamba na 2019 aka ƙaddamar da gangamin tsabtace Nijeriya ta hanyar amfani da masai, aka sa 2025 a matsayin wa'adin da ƙasa baki ɗaya za ta bar wannan ɗabi'a. Binciken da gwamnati ta yi tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, a 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne ke yin bahaya a fili a ƙasar nan. A wannan shekarar ce kuma cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,500, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wa'adin 2025 bai yiwu ba, shi ya sa a 2024 aka ɗaga shi zuwa 2030.

Dattawan Jigawa ba baƙi ba ne ga gangamin tsafta. A watan Yuli na 1985, lokacin da yankin yake cikin tsohuwar Jihar Kano, a birnin Kano ne Manjo Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da sashen tsabtace muhalli na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, har aka sa kyautar Naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. An yashe kwatoci, an kwashe juji, an share tituna. Amma tsoron bulala ne ya fitar da mutane da tsintsiya, don haka da bulalar ta kau sai aka koma gidan jiya.

Abin da ya bambanta aikin Jigawa shi ne hanyar da aka bi. Ma'aikatan hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara sukan tara mutanen gari, a zana taswirar garin a ƙasa, kowa ya nuna inda ake zagawa, sa'an nan a bi sawun ƙuda daga can zuwa kan tuwo, a bi sawun ruwan sama daga bayan gari zuwa rijiya. Idan mutum ya gane da kansa abin da yake ci, ba ya bukatar ɗan sanda. Kowane magidanci shi ya haƙa nasa ramin da guminsa, ya yi masa murfi, ya ajiye buta da sabulu ko toka. Sarakunan Hadeja, Kazaure, Gumel, Ringim da Dutse suka sa baki, maganar ta gangaro ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamai kuma suka tuna wa jama'a cewa tsafta cikon addini ce.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Yawancin ƙasar jihar rairayi ne, kamar yadda sunanta ya nuna, wani sashe kuma fadama ce da kogin Hadeja ke malalewa a kanta. Ramin da ba a ɗaure bakinsa da bulo ko siminti ba, damina ɗaya ko biyu ta ishe shi ya rufta. Ambaliyar 2022, wadda ta zo daf da ba da shaidar, ta rusa gidaje masu yawa a yankunan Ringim da Auyo da Hadeja, kuma gidan da ruwa ya ci ba a tambayar masansa. Talakan da ya rasa ɗaki da rumbu, ɗaki zai fara ginawa, kafin ya waiwayi bayan gida an yi watanni ana komawa daji.

Bugu da ƙari, mutum ba a gida kaɗai yake wuni ba. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana tara fatake daga Nijar da kudancin ƙasar nan, haka tashoshin mota da makarantun allo da na boko suna tara ɗaruruwan mutane kullum. Makewayin kasuwa idan babu ruwa, babu mai wankewa, babu mai kwashewa idan ya cika, cikin 'yan makonni zai zama wurin da ake gudu. Makarantar da ba ta ware wa 'yan mata nasu ba kuwa, tana korar su ne ba tare da ta sani ba.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi su ɗauki shaidar 2022 a matsayin bashi a wuyansu. A sa kuɗin gyara da kwasar masai cikin kasafin kowace shekara, a fitar da su a kan kari. A farfaɗo da aikin duba-gari, a ba su babura da ikon shiga unguwanni, a kuma hana su mai da aikin hanyar karɓar na goro. A koya wa magina ɗaure rami da ya dace da ƙasa mai rairayi, a sauƙaƙa wa magidanta rancen sayen siminti. Idan an kai gudummawar ambaliya, a haɗa da kayan gina masai tare da hatsi da tabarmi. Sa'an nan bayan kowace damina a sake zagawa gari-gari a ƙidaya, a faɗi gaskiyar abin da aka gani ko da ba daɗi.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su ma suna da nasu rabon. Ma'aikacin da ya kulle makewayin ofis ya sa mabuɗi a aljihu, ya bar masu zuwa neman biyan bukata suna raɓewa a gindin katanga, ba shi da bakin yi wa ƙauye wa'azi. Ɗalibin da ya je hutu gida ya duba ko ramin gidansu yana da murfi, ya yi wa ƙannensa aikin da ya fi allura.

Sauran jihohi suna kallon Jigawa kafin 2030. Idan ta riƙe, za su yarda abin mai yiwuwa ne. Idan ta saki, yaran da za a kwantar a asibiti da damina su ne za su biya. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana.