Tallafin Ɗan Kwaleji da Harshen Darasin Kwamfuta

Duk shekara a watan Oktoba, yaran da suka gama firamare a ƙauyukan Gidan Rumji, Mirya ko Madawa kan ɗaure ƙunshinsu su nufi garin da ke da CEG. Mai rabo yana da kawu ko gwaggo a can. Wanda ba shi da kowa sai a damƙa shi ga mai masauki, a haɗa shi da ƴan tiyoyin hatsi da alkawarin za a ƙaro in an kwashe amfanin gona. Shekara huɗu ce tsakanin ajin siziyam da jarrabawar BEPC, amma malaman kwaleji sun san cewa ɗan ƙauye ya fi zubewa tun a shekarar farko: hatsi ya ƙare, mai masauki ya gaji, ga Faransanci ya zo masa ta bakin malamai da yawa a rana guda, bayan ya saba da malami ɗaya.

A Nijar, in aka ambaci tallafin karatu, hankali kan tafi ga hukumar ANAB da ɗaliban jami'a. Sai dai wanda ya kai jami'a ya riga ya haye kogin da ya cinye tsararsa. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗan shekara sha biyu a aji bai kai na ɗalibin jami'a ba, domin buƙatarsa abinci ce, da littattafan rubutu, da sabulu, da fitila. Dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamba na 2017 kan kare karatun ƴaƴa mata, da makarantun kwana irin wadda aka buɗe a Kelle cikin jihar Damagaram, sun nuna an gane inda gizo ke saƙa. Akwai kuma tunanin haɗa tallafi da darasin kwamfuta na yamma. Niyyar mai kyau ce. Tambayoyi biyu ne suka rage: wa ake zaɓa, kuma da wane harshe ake koya masa?

Idan ma'aunin zaɓe shi ne makin da yaro ya samu a aji, to a zahiri ƙwarewarsa a Faransanci ake aunawa, tunda da shi ake rubuta lissafi da tarihi da kimiyya duka. Ɗan ma'aikaci da ya tashi yana jin harshen a gida, yana taɓa wayar mahaifinsa tun yana ƙarami, shi zai fito a sahun gaba. Ɗiyar manomi mai kaifin basira, wadda ke ƙirga canjin talla a ka ba kuskure, za ta tsaya a bakin ƙofa. Tallafin da aka yi wa lakabi da na marasa galihu sai ya ɓuge a hannun masu ɗan galihu. Gyaran ba mai wuya ba ne: a sa nisan ƙauye, da halin iyaye, da zama a gidan masauki a gaban maki.

Batun harshe ya fi shafar ɗaliban nazarin harsuna. Yaron da ya zauna gaban kwamfuta a karon farko yana fama da abu biyu lokaci guda, na'urar da bai sani ba da harshen da bai gama kamawa ba. Alhali jigon darasin, wato jera umarni bi da bi, da maimaitawa, da sharaɗin nan na "idan kaza ya faru, a yi kaza", tunani ne da Hausa ke ɗauke da shi tsaf. Mai buga dara ya san sharaɗi. Mai saƙa tabarma ta san maimaitawa. In aka yi bayani da Hausa, aka bar kalmomin allon yadda suke, yaron zai fahimci aikin, Faransancin ma ya shige shi ta hanyar amfani. Aji na yamma ba ya ƙarƙashin matsin jarrabawar ƙasa, saboda haka nan ne wurin da ya fi sauƙin gwada hakan.

Ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya kare koyarwa da harsunan gida. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. An daidaita ƙa'idar rubutun Hausar Nijar a 1999, sannan kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne bayan duk wannan a ce allon rubutun AZERTY da ke cikin ɗakin kwamfuta ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, har yaro ya kasa rubuta sunan Maraɗi daidai, ko ya bambanta ƙafa da kafa. Haruffan suna cikin tsarin Unicode. Saka su aikin minti kaɗan ne ga wanda ya damu.

Masu adawa na cewa kasuwar aiki Faransanci da Ingilishi take nema, kuma ba kowane ɗan kwaleji ne Bahaushe ba. Gaskiya ne. A Doso da Tillaberi darasin ya dace da Zabarmanci, a Diffa da Barbarci, domin manufar ita ce harshen da yaro ke tunani da shi. Akwai kuma cikas na zahiri: ƙarancin wutar lantarki a karkara, wanda sai da faifan hasken rana, da lokacin yamma da ake rabawa tsakanin makarantar allo da ɗebo ruwa da talla. Shirin da bai zauna da iyaye da malaman allo ya tsayar da ranaku ba, ajinsa zai cika da maza zalla.

Malamai masu iya kwamfuta ba su yi ƙaranci a biranen nan ba. Abin da babu shi ne ƙaramin littafin darasi na Hausa, da kalmomin da aka gwada a bakin yara aka ga sun zauna. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kowacce na kewaye da kwalejoji, kuma ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya samunsa a aji ɗaya na yamma, da yara ashirin da kwamfuta biyar.