Kafin A Ce Da Mutum Yana Da Ciwon Daji, A Ɗauki Hoto

Wata al'ada ta shigo garuruwanmu, inda ma'aikaci zai kai kansa ɗakin gwajin jini ba da umurnin likita ba, a auna masa sinadaran da ake kira alamun ciwon daji. Da ya ga lamba ta haura ƙa'ida sai hankalinsa ya tashi. Wani har ya fara rubuta wasiyya, wani kuwa ya nufi wurin boka.

Alhali waɗannan sinadarai ba ciwon daji kaɗai ke ɗaga su ba. Ga misalin CA-125, wanda aka gano a 1981, ana kuma danganta shi da dajin ƙwan mace. Iyakarsa 35 ce, amma jinin haila kan ɗaga shi, haka juna biyu da ƙarin mahaifa. Abin da ya fi shafar ƙasar nan shi ne tarin fuka idan ya sauka cikin ciki: ruwa ya taru, mace ta rame, lambar ta kai ɗaruruwa, duk kamannin daji. To, wannan cuta ce da ke warkewa da ƙwayoyi na wata shida, kuma kuskure a nan na iya sa a cire wa matashiya mahaifa a banza. Shi ma AFP yakan hau saboda ciwon hanta na B, PSA kuwa saboda kumburin furostet irin na tsufa.

Saboda haka wajibi ne likita ya nemi hoto. A fara da na'urar sikanin ciki, domin tana da araha, ba ta kuma amfani da haskoki masu lahani. Ita ce za ta nuna ko tsakuwa ce ta toshe bututun madaciya, ko ƙari ne a hanta. Idan ta bar shakka sai a wuce ga CT ko MRI. Amma hoton ma ba ya yanke hukunci, sai an tsakuro tsoka an duba ta. In bai nuna kome ba, a sake gwajin jinin bayan 'yan makonni.

Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su wadata manyan asibitoci da na'urorin sikanin da ƙwararrun masu karanta su, su kuma hana ɗakunan gwaji miƙa irin wannan sakamako ba tare da tura mai shi wurin likita ba.